Mai tuta ya kore ni daga tagar shinge: a ina ake tsayawa a ɗauki motocin tsere?

Mai Hoton Ƙwallo:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni, amma bari in fara ba ku labarin abin da ya same ni, don har yanzu abin yana ci min rai.

Shekarata bakwai ina ɗaukar hoton wasan ƙwallon ƙafa. A can, in ka samu wuri bayan raga ka zauna, iyakar abin da zai same ka shi ne ƙwallo ta bugi kyamararka, ko ɗan wasa ya zamo ya faɗo maka. Asabar ɗin da ta wuce wani abokina ya ja ni filin tseren motoci, zuwana na farko ke nan. Ba wata babbar gasa ba ce, ƙananan ƙungiyoyi ne da motocinsu. Da tikitin 'yan kallo na shiga, rataye da kyamarata da madubi mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300.

Awa biyun farko wahalar banza na sha. Tsakanina da hanyar tseren akwai ɗan gajeren shinge na 'yan kallo, sai fili kamar taku goma, sai doguwar ragar waya, sai jerin tayoyi da aka ɗaure. Duk hoton da na ɗauka ragar ce ke fitowa raɗau, motar kuma ta koma inuwa a bayanta. 'Yan kaɗan ɗin da suka fito, da yake na sa shota, wato lokacin da kyamara ke buɗe ido ta ɗauka, a 1/2000 na daƙiƙa yadda na saba a ƙwallo, sai ga motoci kamar an ajiye su a tsakiyar titi an kashe inji. Har rubutun jikin taya kana karantawa. Abokina ya leƙa ya ce, "Wannan ai ko a gareji ka ɗauke shi." Ban tanka masa ba.

Can sai na hango wani wuri a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanyar, daidai inda motoci ke taka birki kafin su karya kwana zuwa dama. An yanke wata 'yar taga a jikin ragar, faɗinta bai fi kamu uku ba. Mutum biyu sanye da falmaran mai lamba a baya suka tsaya a wurin na ɗan lokaci, suka ɗauki abin da za su ɗauka, suka wuce. Na duba hagu na duba dama, na ɗaga ƙafa na tsallake gajeren shingen, na je na zura madubina ta tagar.

Jama'a, wallahi daga nan abin ba a magana. Motocin tahowa suke gaba-gaɗi kamar za su shige cikin kyamarar, hancinsu na dunƙufawa ƙasa in sun taka birki. Ban ɗauki hoto goma ba na ji usur, kafin in waiga wani jami'in gefen hanya, cikin masu ɗaga tuta, sanye da kaya ruwan goro ya damƙi rigata ta baya ya janyo ni. Bai tsaya jin bayanina ba. Cewa ya yi in ya sake ganina a wurin, za a tsayar da tseren saboda ni, a kuma fitar da ni daga filin. A gaban mutane fa, ni da 'ya'yana biyu a gida, aka yi min faɗa kamar ɗan firamare.

To abin da nake son sani: waɗancan biyun masu falmaran, jikinsu na ƙarfe ne? In wurin na da haɗari, me ya sa su aka bar su? Ko dai maganar katin izini ce kawai, mai shi ya ci, marar shi ya kalla? Sannan in da gaske ba a zuwa nan, a ina mutum irina zai tsaya ya samu hoton da za a kalla a ji gudu?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, mutumin nan gata ya yi maka. Ni da a ce ni ne, da janyowar ta fi haka zafi.

Ka sake karanta yadda ka kwatanta wurin da kanka: ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya, ta wajen kwana, motoci na tahowa saitinka. Mota ba ta san kwana ba. Tayoyi huɗu ne ke tilasta mata ta juya, kuma abin da kowace taya ke taɓawa na kwalta bai wuce tafin hannu ko biyu ba. Ranar da birki ya ƙi, ko taya ta fashe, ko wata motar ta zungure ta ta baya, inda hancinta ke kallo nan za ta nufa. A ranar Asabar hancinta kai yake kallo. Abin da ya sa hoton ya yi maka daɗi shi ne dai abin da ya sa wurin ya fi ko'ina muni a duk filin.

Ka nemi bidiyon gasar Makau ta watan Nuwamban 2018. Sophia Flörsch, 'yar Jamus, tana da shekara 17, a motar Formula 3. Ta taɓa wata mota a miƙaƙƙiyar hanya, tata ta ƙwace, ta iso kwanar Lisboa da gudun kusan kilomita 276 a awa, ta hau kan wata motar ta tashi sama, ta ratsa raga, ta je ta daki rumfar masu ɗaukar hoto. Ita ta samu karaya a ƙashin baya, masu hoto biyu da jami'in gefen hanya ɗaya su ma aka kwashe su zuwa asibiti. Waɗannan masu kati ne, a wurin da aka gina musu. Ka ga amsar tambayarka ke nan: jikinsu ba na ƙarfe ba ne.

Ita ma tagar da ta burge ka, rami ce a jikin abin da ke kare ka. A Melbourne ta Ostireliya a 2001, motar Jacques Villeneuve ta hau bayan ta Ralf Schumacher, taya ɗaya ta tsinke ta bi ta wata kafa da aka bari a jikin shinge, ta kashe jami'in gefen hanya, Graham Beveridge. Wata shida kafin nan wata tayar ta kashe wani jami'in, Paolo Gislimberti, a Monza ta Italiya. Kuma tun 1999 ake ɗaure tayoyin Formula 1 da igiyoyi na musamman don kar su tashi. Abu ma ba sai ya kai taya ba. Sifirin ɗin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ya ɓalle daga wata mota, da ya fasa hular kwanon direba Felipe Massa a Hungary a 2009 bai kai kilo ɗaya ba.

Amma abin da na fi so ka gane ba girman haɗarin ba ne. Makanta ce. Idonka biyu a buɗe, kana ganin kusan rabin duniyar da ke gabanka, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Da ka manna ido a kyamara a kan 300, abin da ya rage maka bai kai digiri 7 ba. Kamar mai leƙe ta cikin bututu. Kana bin jar mota a cikin bututun, shuɗiyar da ke bayanta ce ta ƙwace, ba ka da labari. Mota mai gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 55 a daƙiƙa ɗaya. Ko kai ne sarkin zafin nama, kafin ƙwaƙwalwa ta ce wa ƙafa "motsa", ta ci mita goma sha. Kuma dogon madubi yana yi maka ƙarya game da nisa: abin da ke nesa da na kusa duk ya matse su wuri guda. Na san mutanen da mota ta daki katanga a gefensu, ba su sani ba sai da ƙura ta rufe su.

Bambancinka da masu falmaran ba kuɗi ba ne. Su da safe an tara su an yi musu bayani, an ba su taswirar filin da wuraren da aka shafa wa ja, inda ko su ba sa tsayawa. Sun sa hannu a takarda, galibi suna da inshora, lambar bayansu kuma tana rubuce a ofishin masu kula da tsere. Mai tuta ya san da su. Ka kuma lura da kanka cewa ba su daɗe ba: sun ɗauka sun wuce. Mai hankali ba ya yada zango a irin wannan taga.

Ni duk filin da na je, zagayen farko ba na ɗaga kyamara. Tafiya nake ina karanta ƙasa. Baƙin layin taya da ya bar hanya ya miƙe cikin ciyawa, ina ya nufa? Ina fentin mota ya goge a jikin katanga? Ina ƙarfen shinge yake sabo fil a tsakanin tsofaffi? Sabon ƙarfe shaida ce an canja shi, kuma ba tsatsa ce ta ci na da ba. Filin da kansa yana gaya maka inda motoci ke zuwa in sun ƙwace. Sannan duk inda na tsaya, sai na san inda zan faɗa kafin in fara aiki. Ban ce inda zan gudu ba, don ba ka tsere wa mota. Wurin da zan zube ƙasa a bayan kankare nake nema. Ba na jingina da shinge, domin an yi shi ne ya lotsa ya sha bugu, in kana jikinsa da kai zai lotsa. Ba na juya wa motoci baya. Kuma ba na duba hotuna a bayan kyamara sai hanya ta yi shiru. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi wuya, har gobe ina kama kaina.

Ta Rumfa Ta Shida:

Malam mai tambaya, ni ina cikin masu kayan ruwan goron nan, shekara ta biyar ke nan ina yi, kuma aikin sa-kai ne, yawancinmu haka muke. Ban san wanda ya janyo ka ba, amma na san abin da ke ransa.

In muka ga mutum ba falmaran a bayan shingen 'yan kallo, dole mu kira ofis ta rediyo. Daga nan magana ta bar hannunmu. Suna iya cewa a ɗaga tuta ruwan ɗorawa, suna iya cewa a ɗaga ja a tsayar da komai. Direbobin da suka biya kuɗin shiga, suka kwana suna ɗaure inji, a yanke musu lokaci saboda hoto goma. Kuma duk daƙiƙar da ɗan'uwana ya yi yana tahowa wajenka, ya bar wurinsa, ya juya wa motoci baya. Ransa ya saka a kan naka. Shi ya sa ba ya da lokacin "don Allah Malam".

Tunda kana son ka ci gaba da zuwa, ka koyi tutoci, don kai ma da kai suke magana. Ruwan ɗorawa: akwai matsala a gaba, a rage gudu, ba wuce juna. In ka ga biyu ana kaɗawa, abin ya yi tsanani, wataƙila akwai mutane a kan hanya. Mai ratsin ja da ruwan ɗorawa ita ce nake so masu hoto su fi jin tsoro: hanya ta yi santsi, mai ya zube ko ruwa ko tarkace. Mota ɗaya ta zame a wurin, ta biyu da ta uku na nan tafe ta layi ɗaya. Mutane na ganin mota ta daki tayoyi sai su ruga su ɗauka, alhali a lokacin ne wurin ya fi haɗari. Fara: akwai abin hawa mai tafiya a hankali. Kore: hanya ta buɗe. Ja kuma ba ta nufin motoci sun tsaya nan take, suna nan suna komowa.

Hanyar tsere ba a tsallaka ta, ko da ka ga wayam. A Kyalami ta Afirka ta Kudu a 1977, wani jami'i ɗan shekara 19 ya ruga zai tsallaka da tukunyar kashe gobara mai nauyin kilo 18 don ya taimaki motar da ta kama wuta. Akwai ɗan tudu da ya ɓoye shi. Direba Tom Pryce ya fito a guje ya buge shi, tukunyar ta daki kan Pryce, dukansu biyu suka mutu nan take. Mu da ake koya mana aikin, da wannan labarin ake fara mana.

Abu biyu kuma. In guntun mota ya faɗo kusa da kai, kar ka ɗauka don ajiye tarihi: kabon faiba, abin da ake ƙera jikin motocin da shi, in ya karye kaifinsa kamar reza, faifan birki kuma zafinsa na kai ɗaruruwan digiri. Motoci masu tafiya da lantarkin batir su kuma ko mu ba ma taɓa su sai mun ga fitilarsu ta nuna kore, sannan da safar hannu ta roba. Na biyun roƙo ne: in haɗari ya yi muni, ka riƙe hotonka. Kar matar wani ta fara ganin mijinta a wayarta kafin likita ya kira ta.

Mai Hoton Ƙwallo:

Na gode Yaya Tsohon Hannu, na gode Hajiya. Na kalli na Makau ɗin sau uku, jikina ya yi sanyi. Abin da ya fi tsaya min shi ne ko a bidiyon da aka rage wa gudu, da ƙyar ido ke kama motar. Maganar bututu kuma gaskiya ce, don ni ko tahowar mutumin ban gani ba sai da na ji hannu a wuyan rigata. Da mota ce fa?

Sai dai har yanzu ina ganin da ya yi min magana a hankali da na ji. Amma bar wannan.

Matsalata ta farko na nan. In na koma bayan shingen 'yan kallo, na koma wa ragar nan da motoci masu kama da an faka su. Kuɗin madubi mai 600 ba ni da shi. Ya ake yi?

Sannu Ba Ta Hana Zuwa:

Ɗan'uwa, 300 ɗinka ta isa. Ni ban taɓa riƙe katin 'yan jarida ba, duk hotunana daga cikin 'yan kallo nake ɗauka.

Raga tukuna. Sirrin shi ne ta kasance kusa da kai, motar kuma nesa da ita. Ka zuƙo har ƙarshe, ka buɗe ƙofar haske iyakarta, a naka madubin f/5.6 ke nan, ka matsa iya inda doka ta bar ka. In ragar na taku biyu ko uku daga gare ka, motar kuma na mita 40 a bayanta, wayar narkewa take ta ɓace. Taku goman da ka faɗa ya yi yawa, shi ya sa ta fito. Ka zaga, kowane fili na da wuraren da shingen 'yan kallo ke matsowa. Ka nemi ɓangaren ragar da ke cikin inuwa ko wadda aka yi wa baƙin fenti. Wadda rana ke haskawa tana zuba wa hoto wani farin hazo da ba ya gyaruwa. Ka kuma fuskanci ragar kai-tsaye, in ka karkace ramukan matsewa suke. In fokas, wato saitin abin da zai fito raɗau, na ta kama waya, ka duba ko madubinka na da maɓallin da ke hana shi neman abu na kusa. In babu, ka mayar da shi na hannu, ka saita a kan wani tabo a kwalta, ka jira mota ta zo ta taka shi. Haka na da suka yi shekara da shekaru.

Wani lokacin ma ba ka bukatar ratsa ragar. Tudu ko saman benen 'yan kallo na ɗaga ka sama da ita, ga shi ka yi nisa da haɗari.

Sai gudu. Gudu ba daga kusanci yake zuwa ba, daga shota yake zuwa. Motar da ke kilomita 150 a awa, a 1/2000 santimita 2 kacal take matsawa, dole ta yi kama da ajiyayya. A 1/125 tana matsawa kusan santimita 33. In ka raka ta da kyamara daidai gudunta, ita za ta fito tsaf, bayanta ya zama zare-zare, tayoyi su zama faifai. Ni rakiya nake kiransa. Ka tsaya inda motoci ke gilmawa ta gabanka daga gefe zuwa gefe, ƙafafu a buɗe suna kallon inda za ka danna, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Daga ƙugu ake juyawa, ba daga hannu ba. Ka kama motar tun daga nesa, ka ɗora ɗigon fokas a kan lambar ƙofa ko hular direba, ka danna ba tare da ka tsaya ba, ka ci gaba da raka ta bayan ka danna. Fokas a kan mai bi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon. Ka fara da 1/320, in hannu ya faɗa ka sauko 1/200, sannan 1/125. Ƙasa da 1/60 sai ka shirya zubar da tara cikin goma. Da rana tsaka haske zai yi yawa a irin wannan shota, sai ka rage ƙarfin karɓar haske zuwa ISO 100 ka tsuke ƙofa, wanda kuma ke dawo da raga, shi ya sa masu yi ke ɗaura baƙin gilashin rage haske a gaban madubi.

Ka lura da wani abu: wurin rakiya mafi kyau shi ne ta cikin kwana ko gefen da motoci ke wucewa, ba inda suke nufowa ba. Kuma a tsakiyar kwana mai tsauri ne suka fi rage gudu, ga su a jere kusa da juna. Ban ce ta ciki babu haɗari ba, mota na iya juyawa ta dawo. Amma ba a haɗa shi da inda ka je.

Filasha a kashe, ko da yamma ta yi. Mai ƙafa uku kuma ka bar shi a gida, sanda mai ƙafa ɗaya ta fi, in ma kana bukata. Ni ina buɗe ido biyu in ina ɗauka, dama a kyamara, hagu na gadin hanya.

Tsohon Hannu:

Duk abin da ya faɗa haka ne, sai maganar ido biyu. Tana taimakawa, amma kar ka dogara da ita. A dogon madubi ƙwaƙwalwa ɗaya take zaɓa ta yi watsi da ɗayan, musamman in hoto ya fara daɗi. Abokin nan naka mai baki, ka ba shi aiki: ya tsaya gefenka ba waya a hannu, idonsa a inda motoci ke fitowa, in ya ga abu ya ja ka. Kunne ma mai gadi ne. Ƙarar taya da ta canja, ko injin da ya yi shiru inda ya kamata ya yi ruri, ka sauke kyamara kafin ka tambayi dalili.

Kunnen kuma ka kare shi. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 lokacin na raguwa da rabi. A 100 saura minti 15. Motocin tsere da yawa sun wuce haka in kana kusa. Ni kunnena na hagu ƙara yake yi dare da rana, shekara goma sha ke nan, don a lokacin ina ganin toshe kunne ragwanci ne. Ɗan soson toshe kunne ba ya hana ka jin canjin da na faɗa, rage masa kaifi kawai yake.

Zagayen farko na kowane tsere, ka ja baya daga kwanar farko. A Silverstone ta Ingila a 2022 motar Zhou Guanyu ta kife tun a tashi, ta ja a kan bayanta ta ratsa filin tsakuwa, ta tsallake jerin tayoyi, raga ce ta tare ta dab da 'yan kallo. Ragar da kake jin haushi ke nan.

In ka samu shiga wajen garejoji, nan ma kar ka saki jiki. Ko a layin gyara na Formula 1, inda aka ƙayyade gudu, kilomita 80 ne a awa a yawancin filaye. Masu batir kuma ba ka jin tahowarsu. Kar ka taɓa ja da baya ido na cikin kyamara.

Mai Hoton Ƙwallo:

Jama'a na dawo da rahoto, jiya na koma.

Na isa da wuri na zaga da ƙafa kamar yadda Yaya ya ce. Na je saitin tagar tawa, daga bayan shingen 'yan kallo wannan karon. Layukan taya uku na ƙirga da suka bar kwalta suka miƙe ta cikin tsakuwa, dukansu wurin suka nufa. Tayoyin da ke ƙarƙashin tagar an ɗaure su da sabuwar bel, kuma akwai shuɗin fenti a jikin sandar ƙarfen da na dafa a wancan makon. Ranar ban ga ko ɗaya ba.

Na samu wani tudu ta cikin wata kwana mai kama da ƙugiya, inda raga ke ƙasa da ni. Na fara da 1/320. Hoto 640 na ɗauka a yinin, na ajiye 31, waɗanda nake alfahari da su guda huɗu ne. Mafi kyau a 1/160 ya fito: wata farar mota mai lamba 27, tayar gaba ta ciki ta ɗan ɗaga daga ƙasa, hular direba tsaf, ciyawar baya ta zama kore zalla kamar an shafa da buroshi. Da na gwada 1/80 kuwa ko ɗaya bai tsira ba, hannuna rawa yake a ƙarshen juyi. Ƙuguna har yanzu ciwo yake.

Abokina ya yi gadi na kusan awa ɗaya kafin ya gaji ya zauna. Sau ɗaya ya ja ni, ashe leda ce iska ta ɗauko.

Mutumin mai kayan ruwan goro yana nan a rumfarsa. Da aka tafi hutun rana na je na gaishe shi ta bayan raga. Bai gane ni ba sai da na ce ni ne na taga. Ya yi dariya, ya ce in ina son falmaran in fara da tura wa ƙananan ƙungiyoyin hotunansu, su ne ke rubuta wa mutum takardar neman izini. Ya kuma nuna min wata kwana a can ƙasan filin da rana ke faɗowa ta bayan motoci wajen ƙarfe biyar.

Tambaya ta gaba: baƙin gilashin rage hasken nan, mai rage mataki uku zan nema ko mai shida? Bakin madubina milimita 67 ne.